Wa Ya Ba Su Izinin Gutsure Mana Haruffa?

Kwanan baya wata takardar faɗakarwa ta shigo hannuna, irin wadda ake raba wa mata a wajen awon ciki. Takarda ce mai sheƙi, mai launi, hotunanta tas. An kashe mata kuɗi, wannan babu musu. Amma daga samanta har ƙasanta babu ƙugiya ko ɗaya. Inda ake nufin ɓari an rubuta "bari". Inda ake nufin ciwon ƙashi an rubuta "ciwon kashi". Wata baiwar Allah da ke zaune kusa da ni, wadda da ƙyar ta iya haɗa baƙi a ajin yaƙi da jahilci, ta maimaita layi ɗaya har sau uku, sannan ta ninke takardar ta tura a jaka.

Ba ita ce ta kasa ba. An miƙa mata gurgun rubutu ne aka ce ta karanta, a kan maganar da ta shafi ranta da ran abin da ke cikinta.

Jama'a, mu daina kewaye-kewaye. Hausar boko tana da ɓ, tana da ɗ, tana da ƙ, tana da 'y wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa ƴ. Waɗannan baƙaƙe ne masu zaman kansu, kowanne da sautinsa, kowanne da gurbinsa a ƙamus. Ƙugiyar da ke kansu ba kwalliyar salla ba ce da za a sa yau a tuɓe gobe. Wanda ya cire ta ya canza kalma, wanda ya canza kalma kuwa ya canza magana.

Sarki ya shiga fada, Sarki ya shiga faɗa: duk ɗaya ne? Kaya da ƙaya fa? Koko da ƙoƙo? Baki da baƙi? Kasa da ƙasa? Karya da ƙarya? Yaron da bai shiga makaranta ba ya san bambancinsu a bakinsa. Manya masu takardun shaida ne suka yanke hukuncin cewa a takarda ba kome.

Ka duba ko'ina. Allunan kan titi, fostocin siyasa, sanarwar ma'aikatu, rubutun da ke gudu a ƙasan allon talabijin, bangon littattafai, katin biki, tallan magani. Firayim ministan farko na Najeriya sunansa Abubakar Tafawa Ɓalewa. Mujaddadi sunansa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Garuruwanmu su ne Haɗeja, Maraɗi, Ƙaraye, Ƙanƙara, Ƙaura Namoda. Yaushe rabonka da ganin waɗannan sunaye a rubuce daidai a takardar da ta fito daga ofis?

Idan ka yi magana, amsar a shirye take: "Ai mai karatu zai gane."

Wane mai karatun? Wanda ya sha Hausa a nono, ya shekara arba'in yana karatu, shi zai iya cike giɓin da ka. Yaron aji biyu fa, da yake koyon haɗa sauti da baƙi? Uwar da ta fara karatu bayan ta haifi 'ya'ya biyar fa? Matashin zangon Kumasi ko na Nima a Ankara, wanda yake jin Hausa a gida amma bai taɓa zama ajin Hausa ba, daga ina zai san cewa "daki" ɗaki ake nufi? Baƙon da ya ƙetaro teku don ya koyi harshen fa? Duk waɗannan an jefar da su ne don wani ya ƙi danna madanni ɗaya.

Kuma ko da kowa zai gane, tun yaushe "zai gane" ya zama ma'aunin aikin da aka karɓi kuɗi a kansa? Tela zai ɗinka maka riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ya ce ai za ta shiga?

Ga inda munafuncin yake. Maɗaba'ar da ta buga maka littafin Hausa shafi ɗari biyu babu ƙugiya, ita ce za ta sake buga katin ɗaurin aure kaf saboda harafi ɗaya ya kuskure a Turancinsa. Akawun da ba zai yarda wasiƙar Turanci ta bar teburinsa da waƙafi a karkace ba, shi ne zai sa hannu a sanarwar Hausa mai kuskure a kowane layi. Mai zanen tallan da zai bi sunan turaren Faransa ya ɗora wa kowane wasali 'yar alamarsa, shi ne zai ce maka ƙugiya ɓata lokaci ce. Ashe sun san ƙa'ida. Ashe suna iya kula. Harshen iyayensu ne kawai bai kai a kula da shi ba a wurinsu.

Bajamushe bai yar da ɗigo biyun da ke kan wasulansa ba don kwamfuta ta zo. Baturke bai yar da nasa haruffan ba. Sun tilasta wa na'ura ta bi harshensu. Mu kaɗai ne za mu yanke wa harshenmu gaɓa don ya shiga na'ura?

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, mu ba baƙin wannan ilmi ba ne. Duk wanda ya riƙe allo ya san darajar ɗigo. Ɗigo ɗaya a ƙasa, ɗigo biyu a sama, shi ke raba wannan harafi da wancan, kuma almajirin da ya bar shi sai ya wanke allonsa ya sake. Alaramma zai zauna da tawada da alƙalamin gamba ya rubuta Alƙur'ani izu sittin da ka, ya bi ya sa wasali, ya sa ɗauri, ya sa ja inda ja yake, bai tsallake ɗigo ba. Jikokin waɗannan mutane ne yau ke zaune gaban kwamfuta suna cewa haruffa huɗu sun yi musu nauyi. Ina kunya?

Kada kuma wani ya ce abin sabo ne. Tun shekarun 1930 aka tsayar da baƙaƙe masu lanƙwasa a Zariya, zamanin da Rupert East ke riƙe da Hukumar Talifi, bayan an gwada ɗigo a ƙarƙashin harafi, an gwada waƙafi a gefensa, an ga ba su gamsar ba. Gasar rubutu ta 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki, wanda sunansa ma ba ya rubutuwa sai da ƙugiya. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta. Kamfanin Gaskiya ya tsaya da ƙafarsa a 1945.

Ka ɗauko tsohon bugun Magana Jari Ce da aka karanta a firamare, ka buɗe kowane shafi. Ƙugiyoyin suna nan reras. Mutanen da suka yi wannan aiki da haruffan dalma suka yi shi, masu nauyi, waɗanda sai an ƙero su musamman an yo odarsu daga nesa. Mai jera haruffa yana tsaye, mai duba gyara yana zaune da jan biro, shafi ba ya wucewa sai ya tsarkaka. Ba su da intanet, ba su da wayar hannu. Suna da abu ɗaya da ya yi ƙaranci yau: sun ɗauki aikin amana ne.

Bayansu ma ba a zauna ba. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955. An yi taron Bamako a 1966 kan yadda za a rubuta harsunan Afirka ta Yamma, Hausa na ciki. An yi na Yamai a 1980 don a daidaita rubutun Najeriya da na Nijar. A shekarun 1980 aka zana haruffan da za su wadaci harsunan Najeriya baki ɗaya, har da hannun Hermann Zapf, Bajamushen nan da ya zana Palatino. Malamai sun tsufa a kan wannan magana, wasu sun mutu a kanta. Duk wannan wahala don wani yaro a shagon buga takardu ya share ta da cewa "injina ba ya yi"?

Injinsa yana yi. Wannan ita ce ƙaryar da ta fi kowace daɗewa, kuma lokaci ya yi da za a binne ta.

Tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa ta dindindin a kwamfuta, ya ƙunshi ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, manya da ƙanana, tun bugunsa na farko a 1991. Sama da shekara talatin ke nan. Windows na da allon madannai na Hausa a cikinsa, sai dai a kunna. Gboard a waya na da Hausa: ka danne k ka ɗan riƙe, ƙ ta fito. Zubin haruffa masu kyau da suka ƙunshi baƙaƙenmu, irin su Charis da Gentium da Andika na ƙungiyar SIL, da Noto na Google, kyauta ake sauke su, ko kwabo ba a biya. Andika ma don masu koyon karatu aka zana shi. To me ya rage?

A da akwai uzuri na gaskiya, ban musa ba. Tafireta ba ta da ƙugiya, sai an bi da biro an lanƙwasa. Saƙon tes na waya, da zarar ka sa ƙ ɗaya, sai ya ragu daga harafi 160 zuwa 70, kuɗinka ya ninka. Wancan zamani ya wuce. Yau a WhatsApp da Facebook ƙugiya ba ta ƙara maka ko sisi. Mutumin da ya iya nemo hoton dariya da na wuta da na zuciya a wayarsa cikin ƙiftawar ido, shi ne bai iya nemo ɗ ba?

Sai kuma waɗanda suka maƙale a tsakiyar hanya, kuma abin baƙin ciki, da yawansu a jami'o'i suke.

A shekarun 1990, lokacin da manhajoji ba su gama karɓar sabon tsarin ba, masu kishi sun nemo dabara. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro zubin haruffan Rabi'at, wasu ma suka yi nasu. Dabarar ita ce a ari gurbin wata alama da Hausa ba ta bukata, a zana ƙugiya a wurin. Ka danna alamar baka, ƙ ta bayyana. Ka danna q ko x ko v, ƙ ko ɗ ko ɓ ta bayyana. A lokacinsa wannan aiki ne na ceto, kuma waɗanda suka yi shi sun cancanci godiya.

Amma riga ce kawai aka sa wa harafin. A cikin na'ura alamar baka tana nan a alamar baka, q tana nan a q. Da zarar rubutun ya koma kwamfutar da babu wannan zubi, ko aka ɗora shi a intanet, sai rigar ta faɗi. Shi ya sa kake ganin "}asa" da "wa]anda" da "ta~a". Shi ya sa kake ganin "qasa" da "xaya" da "varawo" a maƙalun da malaman Hausa suka rubuta da hannunsu.

Shekara nawa za a yi ana tafiya da sandar da aka ara ranar da ƙafa ta yi ciwo? Har yau akwai mujallun ilmi da ke umurtar marubuci ya turo aikinsa da tsohon zubi. Har yau ana sa ɗalibi ya buga kundin digirinsa da shi. Malamin da zai zabge wa ɗalibi maki don ya manta ƙugiya a jarrabawa, shi ne maƙalarsa ke yawo a duniya da baka da sanda a tsakiyar kalmomi. Juya irin wannan rubutu zuwa Unicode aikin 'yan mintoci ne: a nemo alama, a musanya ta da harafin gaskiya, sau shida ko takwas, an gama. Wane sashe ne ba shi da mutum ɗaya da zai iya wannan?

Masu gina shafukan intanet su ma suna da nasu kason, kuma ba ƙarami ba ne.

Za a ba mutum kwangilar shafin Hausa, ya je ya zaɓo zubin haruffa don ya burge shi a Turanci, bai taɓa gwada shi da kalmar Hausa ɗaya ba. Sai shafi ya buɗe, inda ƙ take sai ɗan akwati fanko. Ko kuma na'ura ta aro harafin daga wani zubi dabam, ka ga kalma ɗaya da baƙi siriri a tsakiyar masu kauri, kamar haƙorin Makka a bakin da bai dace ba. Wasu don shafi ya yi saurin buɗewa sukan rage zubin su bar haruffan Turawan Yamma kaɗai, su zubar da sauran, namu na cikin abin da aka zubar. Wasu kuwa ma'ajiyar bayanansu ce ba a saita ta da UTF-8 ba, sai ƙ ta koma Æ™, ɗ ta koma É—, labari ya zama kamar rubutun aljanu.

To idan edita ya ga haka, me ake yi? Maimakon a kira mai kwangila ya gyara aikinsa, sai a tara ma'aikata a ce daga yau kowa ya daina sa ƙugiya. An ga takalmi ya matse, sai aka yanke yatsa.

Gwajin da zai hana duk wannan bai kai minti ɗaya ba. Ka rubuta Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ƴ ƴ, ka duba su a siriri, a mai kauri, a karkatacce, a kwamfuta da a waya. Wanda ya karɓi kuɗin shafin Hausa bai yi wannan ba, bai yi aikin da aka biya shi ba.

Ga maganar bincike kuma. A wurin na'ura k da ƙ ba su da dangantaka ko kaɗan, haruffa ne biyu masu lamba dabam-dabam. Idan mai karatu ya nemi "ƙasa" a shafin da aka rubuta "kasa", ba lalle ya samu ba, haka ma akasin haka. Mai ginin da ya san aikinsa zai koya wa akwatin bincikensa ya haɗa su, ya bar rubutun kansa daidai. Wanda bai sani ba sai ya bar mutane suna lalube a duhu, suna zaton abin da suke nema babu shi.

Ban ma taɓo sauran ɓarnar shafi ba: manhajar da ke tsinka kalma a ƙarshen layi bisa ƙa'idar Turanci, ta raba t da s a "tsuntsu", ta raba s da h a "fushi", waƙafin 'yan da 'ya'ya da ke juyewa ta baibai, littattafan kasuwa da ake matse wa layi a ƙanƙance haruffa don a rage takarda, har mai karatu ya gama da ciwon ido. Kowanne shaida ne cewa babu wanda ya zauna ya karanta shafin kafin a buga.

Amma duk wannan mai sauƙi ne idan aka zo ɗakunan karatu. Fosta za ta yage, jarida za ta zama ƙunshin ƙosai. Abin da ɗakin karatu ya adana shi ne zai rage wa jikoki, kuma idan ya adana shi a gurguje, a gurguje zai isa gare su.

Yanzu kowa na alfahari da cewa ya mayar da taskarsa ta zamani. Ana yanka kirtani, ana ɗaukar hoto, ana jawabi. Ka shiga ka gani.

Kundin digiri a kan Hausa, an ɗora shi, amma sunansa a jerin littattafai cike da alamun baka, domin ma'aikaci ya kwafo shi daga tsohon zubi bai ko kalla ba. Sunan marubuci ɗaya an rubuta shi iri uku: Ɗanjuma a nan, Danjuma a can, 'Danjuma a gaba, na'ura kuwa ta ɗauke su mutum uku. Ɗalibar da ke neman abin da aka rubuta a kan waƙoƙin daka za ta buga "waƙa" ta sami kaɗan, ta tafi da zaton fagen fili ne, alhali an yi aiki a kansa an binne a ƙarƙashin "wa}a" da "waqa". Sai ta sake noman gonar da aka riga aka nome. Wannan asara wa zai biya ta?

Tsoffin jaridu da littattafai kuwa, a ɗauki hotonsu a karkace, rabin layi ya shige cikin ɗinki, a haɗa a PDF a ce an gama. Hoto ba rubutu ba ne. Ba a bincike a cikinsa, manhajar da ke karanta wa makaho ba ta ganin komai a ciki. Idan an yi ƙoƙarin sa na'ura ta karanto rubutun, sai a bar ta a saitin Turanci, ta ga ɓ ta ce 6 ce, ta ga ɗ ta raba ta biyu, ta ga ƙ ta rubuta abin da ta ga dama. Babu wanda zai bi ya gyara. A rahoto dai za a rubuta cewa an adana shafi dubu kaza.

Adana me? Wanda ya zuba hatsi a rumbu ya toshe ƙofar da laka bai yi tanadi ba.

Kuma wannan gurɓataccen rubutu ba a nan yake tsayawa ba. Manhajojin fassara da masu gyaran rubutu daga abin da ke intanet suke koyon Hausa. Abin da muka zuba musu shi za su dawo mana da shi, su koya wa 'ya'yanmu. Gobe idan na'ura ta rubuta wa yaro "kasar Hausa", kada kowa ya zagi na'ura.

Ajami ya fi shan wuya. Ƙarnoni kafin boko, da shi malamanmu suka rubuta waƙoƙin wa'azi, da shi aka yi wasiƙu, da shi Nana Asma'u ta karantar da mata. Takardunsa suna nan a Gidan Arewa da Gidan Adana Takardun Tarihi a Kaduna, a Zariya, a Kano, a cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, a Yamai, da kuma cikin gafakar gidajen malamai da babu wanda ya ƙidaya. Dukiya ce da ƙasashe da yawa ba su da irinta.

Amma sau nawa ake ɗaukar hoton waƙar Hausa ta ajami a rubuta mata "Larabci, ba a san marubuci ba", don wanda aka ba aikin bai iya karanta ta ba, kuma ba a ga dalilin kiran wanda ya iya ba? Almajiran da suka iya karatun warash suna nan birjik a kowace unguwa. An ɗauki nawa aiki? Ko iliminsu bai zama ilimi ba sai da takardar boko?

A nan ma babu uzurin kayan aiki. Unicode ya karɓi haruffan da ajamin Hausa ke bukata, har da fa mai ɗigo a ƙasa irin ta warash, da harafin ts, da ɗigon imala. SIL ta zana zubin Alkalami a kan salon rubutun Kano, ta zana Harmattan don ajamin Afirka ta Yamma, ta sake su kyauta. Laburaren Birtaniya na da shirin ceto takardun da ke cikin haɗari tun 2004. Jami'ar Boston a Amurka ta buɗe taskar ajamin Afirka a intanet, da rubuce-rubucen Hausa a ciki, kowa na iya dubawa.

Mu kuwa mun iya kukan cewa Turawa sun kwashe mana tarihi. Wanda suka bar mana fa, me muka yi da shi? Gara na ci, ɗigon rufi na jiƙawa, hotunan da aka ɗauka da kuɗin tallafi suna kwance a na'urar wani jami'i da ya yi ritaya ya tafi da ita gida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma wannan mai ɗakin ya sani ya juya baya.

Sannan ranar 26 ga Agusta ta zo, Ranar Hausa ta Duniya. A sha babbar riga, a naɗa rawani, a hau mumbari a ce Hausa ta zagaye duniya, ana jin ta a rediyon Landan da Bon da Bejin. A bayan mai jawabi kuwa ga ƙyalle an rataye, an rubuta "kungiya" da "al'adun kasar Hausa" da "hadin kai". Mai jawabin bai gani ba, ko ya gani bai dame shi ba. Wace irin ƙauna ce wannan, da ke iya kirari amma ba ta iya rubuta sunan abin da take ƙauna?

Ba kuɗi ake nema ba, balle a ce babu kasafi. Editan da ya ce ba zai karɓi labari babu ƙugiya ba, cikin mako ɗaya duk wakilansa za su koya. Ma'aikatar da ta sa a takardar kwangila cewa ba za a biya aikin Hausa ba sai an gwada haruffa takwas ɗin nan, ba za ta sake ganin akwati fanko ba. Sashen Hausa da ya ce daga bana kundi sai da Unicode, ya kuma juya tsofaffin da ke hannunsa, ya ceci aikin shekaru. Ɗakin karatu da ya zaunar da mai jin Hausa da mai karanta ajami kusa da mai ɗaukar hoto, ya mayar da tarin hotuna taska. Duk waɗannan umurni ne na layi ɗaya. Masu ikon bayar da shi sun san kansu, kuma shirunsu zaɓi ne.

Kai kuma mai karatu, ba ka fita ba. Wayar da ke hannunka tana da Hausa, ka kunna ta yau. Ka rubuta sunanka daidai, da na mahaifinka, da na garinku. Idan ka kai aiki maɗaba'a aka dawo maka da shi babu ƙugiya, kada ka karɓa, kada ka biya, ka mayar musu su sake.